Yawan Jama'a da Ƙasar Noma: Abin da Tarihin Kazaure da Babura Ya Nuna

Maganar cewa jama'a sun yi wa ƙasar Kazaure yawa, ko baƙi daga arewa ne ke cinye ta, ta girmi masu yin ta a yau. A 1935 wani Baturen gandun daji, E. P. Stebbing, ya yi gargaɗin cewa hamada na gangarowa kudu, mutane na ƙaruwa suna sare daji, ƙasar Kano kuma na cikin hatsari. Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya bi bakin iyaka a 1936 da 1937, ya dawo ya ce bai ga shaidar hamada na mamaye ƙasa ba, sai zaizaya nan da can. Shekara 90 ke nan, har yanzu ana noman gero, dawa, gyaɗa da riɗi daga Roni zuwa Babura. Tarihin yankin ya nuna cewa abin da ke kashe ƙasa ko ya raya ta shi ne ikon da manomi ke da shi a kan gonarsa da ƙarfin da yake da shi na gyara ta.

Masarautar Kazaure kanta ƙaura ce ta haife ta. Ɗan Tunku da jama'arsa ne suka kafa ta wajen 1819, aka yanko ta daga ƙasashen Kano, Katsina da Daura. A wancan zamani arzikin sarki yawan talakawansa ne, saboda haka maraba ake yi da mai neman wurin zama. Da Turawa suka shata iyaka, mutanen ɓangaren Faransa suka riƙa tsallakowa don gudun aikin tilas da haraji, wasu kuma cin rani ke kawo su. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta yi ɓarna lokacin da jama'a ba su wuce kaso kaɗan na yau ba. Fari ne ya haɗu da harajin da dole a biya da kuɗi. A 1984 gwamnatin soja ta Buhari ta rufe iyaka ana tsakiyar fari, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar shekarar suna El Buhari. Rufewar ta hana hatsi da dabbobi wucewa, amma ba ta ƙara wa kowa ko dami ɗaya ba.

Masu cewa ƙasa na da iyaka suna da hujja. Jigawa ta tashi daga mutum kusan miliyan 2.9 a 1991 zuwa fiye da miliyan 4.3 a 2006. Gandun da ya ciyar da gida guda yanzu an raba shi tsakanin jikoki, barin saura ya zama tarihi, gonaki sun shiga burtali, buhunan gawayi kuma suna jere a bakin titi. Sai dai binciken Michael Mortimore a karkarar Kano mai cunkoso ya gano cewa manoma sun riƙe itatuwansu da ƙarfin ƙasarsu, domin yawan hannu ne ke kai taki gona a mangalar jaki. Ga kuma Magarya ta Nijar, maƙwabciyar Babura. Tun shekarun 1980, da manoman Nijar suka ga itacen gonarsu ya zama nasu, sai suka daina tumɓuke tohon gawo. Gawo na zubar da ganye da damina, ba ya hana gero rana, 'ya'yansa kuma su ciyar da awaki da rani. An kiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo ta haka, a ƙasar da ke sahun gaba a duniya wajen saurin ƙaruwar jama'a.

Wannan ba ya nufin kadada ɗaya za ta ɗauki kowane adadi na baki. Akwai ranar da taki da gawo ba za su isa ba, sai an samu noman rani a madatsun ruwa irin ta Muhammadu Ayuba, da sana'o'in da ba na gona ba, da karatun 'ya'ya mata. Waɗannan kuwa aikin hukuma ne da masarauta, kuma sun fi ɗora wa baƙo laifi wuya. Mahukuntan Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura su tabbatar wa manomi gonarsa da itacensa, su mayar wa makiyayi burtalinsa, sannan su yi maganar yawan jama'a.