Tarihin Tayar Babur ɗin Tsere da Yadda Ta Isa Hannun 'Yan Sha'awa

Babur ɗin tsere na zamani kan yi ƙarfin doki 200, amma duk wannan ƙarfi ta wuri biyu kacal yake bi ya sauka ƙasa, inda tayar gaba da ta baya suka taɓa kwalta, kuma kowane ɗaya bai kai faɗin tafin hannu ba. Birki, kwana da ɗaukar gudu duk a nan suke rataye. Shi ya sa rabin tarihin wannan babur tarihin taya ne. Maƙera inji kullum su ke yin gaba, masu haɗa roba na biye da su, kuma duk lokacin da tazara ta yi yawa a tsakaninsu, mahaya ne ke biya da ƙasusuwansu.

Ɗanyar roba ba ta da amfani a kan hanya, don tana narkewa da zafi, ta sandare da sanyi. Ba'amurke Charles Goodyear ne ya gano a 1839 cewa idan aka dafa ta da farar wuta takan tsaya da kyau, ya kuma yi wa dabarar rajista a 1844. Shekara guda bayan haka wani ɗan Sikotlan, Robert William Thomson, ya yi rajistar tayar da ake hura wa iska, sai dai kekunan doki ne kawai a titi a lokacin, aka manta da ita. Sai a 1888 John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a Belfast, ya sake ƙirƙiro ta domin keken ɗansa mai ƙafa uku. Tsere ne ya tallata ta: a 1889 Willie Hume ya hau keke mai tayar iska a wata gasa a Belfast ya lashe duka tsere 4 da ya shiga. Tayar Dunlop manne take da wili, cire ta aiki ne na awoyi. 'Yan'uwan nan biyu na Faransa, André da Édouard Michelin, suka fito da wadda ake kwancewa a yi mata faci a mayar, kuma a kanta Charles Terront ya ci tseren keke na kusan kilomita 1,200 daga Paris zuwa Brest da dawowa a 1891.

Babur ya gaji wannan daga keke. Na gwajin da Gottlieb Daimler ya haɗa a Jamus a 1885 ƙafafun katako gare shi masu ɗamarar ƙarfe, amma Hildebrand & Wolfmüller na 1894, babur na farko da aka ƙera da yawa don sayarwa, da tayar iska ya fito.

Filin tsere kuwa doka ce ta haife shi. Dokar Birtaniya ta 1903 ta ƙayyade gudu a titi zuwa mil 20 a awa, tsere a hanyar jama'a kuma haramun ne. Tsibirin Man, da ke da majalisarsa ta kansa, ya yarda a riƙa rufe tituna don gasa, aka fara tseren TT a 1907. A shekarar ce kuma Hugh Locke King ya buɗe Brooklands a Ingila, da'irar kankare da aka gina musamman don gudu. Tayoyin wancan zamani sirara ne, kuma iskar cikinsu ce ke riƙe bakinsu a jikin wili. Da zarar ƙusa ta shiga, sai taya ta fice gaba ɗaya ana tsakiyar gudu. Ɗan tsere kan ɗauko tiyub da kayan faci a jikinsa. Abu biyu suka gyara lamarin: zuba baƙin garin kabon a cikin roba tun wajen 1910, wanda ya ninka ƙarkonta ya kuma mayar da taya baƙa, da saka waya a bakin taya don ta kama wili, wanda ya zama ruwan dare a shekarun 1920.

Da aka kafa gasar duniya a 1949, siffar taya ta fara bambanta da ta titi. A shekarun 1960 Dunlop ya yi tayar tsere mai ƙusurwa uku: tsakiya a tsuke, gefe da gefe a shimfiɗe, yadda idan babur ya kwanta a kwana roba mai yawa za ta sauka ƙasa. Ba da jimawa ba dabarar ta shigo titi. A 1969 Malcolm Uphill ya zagaya hanyar TT mai kusan kilomita 60 da matsakaicin gudun da ya haura mil 100 a awa a kan Triumph Bonneville irin na kasuwa, sanye da tayar Dunlop K81, kamfanin ya sake mata suna TT100. Wannan ne ya nuna wa talakan mahayi cewa abin da ya ci tsere ran Asabar yana iya sayensa a shago ran Litinin.

A wannan shekara ta 1969 Honda ya fito da CB750 mai silinda 4 da birkin faifai, Kawasaki ya biyo da Z1 a 1972, sai Yamaha TZ750 na tsere a 1974. Nan ne inji ya yi wa taya nisa mafi muni. A filin Daytona na Amurka, inda babur ke daɗewa totur a buɗe a kan gangaren da'ira, tayoyi suka riƙa ɗaukar zafi har roba ta ɓare. A 1975 tayar bayan Barry Sheene ta lalace yana gudun sama da mil 170 a awa, ya karya cinya, hannu, ƙashin wuya da haƙarƙari. Maganin da aka samu shi ne taya marar zane. Zanen taya aikinsa korar ruwa. A busasshiyar kwalta kuwa rage robar da ke taɓa ƙasa yake yi, sannan tsagogin suna motsi suna tara zafi. Da aka shafe zanen, aka sami damar yin amfani da roba mai laushi da danƙo. Sheene ya ci kambun duniya na ajin 500 a 1976 da 1977 a kan Michelin, Kenny Roberts ya ƙwace a 1978 a kan Goodyear. Salon hawa ma ya sauya tare da taya: zamewa daga kan sirdi a sauke gwiwa ƙasa, wanda Jarno Saarinen ɗan Finlan ya yi fice da shi, Roberts ya kammala, ba zai yiwu ba sai da robar da za ta jure irin wannan kwanciya.

A daidai wannan lokaci 'yan tsere suka fara ƙin titunan da ke da bango da turakun lantarki a gefe. Bayan mutuwar Gilberto Parlotti a TT na 1972, Giacomo Agostini da wasu manya suka ƙaurace wa gasar, kuma bayan 1976 aka cire ta daga jerin gasar duniya. Aka koma gajerun filaye masu sarari da tsakuwa a bakin kowace kwana, inda wanda ya faɗi zai zame ya tashi. Ba don wannan sauyi ba, da babu mai hankalin da zai buɗe wa ɗan koyo ƙofar fili.

Babban juyi na ƙarshe a cikin taya yake, inda ido ba ya gani. Tsohuwar taya zaruruwanta a gicciye suke, shimfiɗa bisa shimfiɗa, suna gogar juna suna haifar da zafi, kuma tana kumbura idan gudu ya yi yawa. A tayar radiyal zaruruwan kan miƙe daga baki zuwa baki, a ɗaure su da ɗamara ta zagaye. Michelin ya yi wa wannan rajista don mota tun 1946, amma babur, da yake kwanciya yake yi, ya jira kusan shekara 40. Pirelli ya fito da MP7 a 1983, Michelin ya shigar da radiyal gasar duniya a 1984, Freddie Spencer ya haɗa kambun 250 da na 500 a 1985, sannan ta iso kasuwa sosai a 1987. Radiyal ba ta zafi kamar ta da, ga gajeren gefe, ga faɗi. Kafin nan tiyub ma ya fara ɓacewa daga manyan babura tun ƙarshen shekarun 1970, da aka daina wili mai sifoka aka koma na zubi, wanda ke riƙe iska da kansa. Tayar da ba tiyub a hankali take sacewa, ba ta fashewa lokaci guda.

Babura suka biyo bayan taya: Suzuki GSX-R750 a 1985, Honda Fireblade a 1992, Ducati 916 a 1994, Yamaha R1 a 1998. Bayan gwaje-gwaje da wili mai inci 16 da 18, aka tsaya a 17, shi ya sa yau kusan duk babur irin wannan 120/70 ZR17 ne a gaba, a baya kuma sau da yawa 180/55 ko 190/55. Lambar farko faɗi ne a milimita, ta biyu tsayin gefe a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin.

Mutum ya wayi gari da babur ɗin da giyarsa ta farko ma ta wuce ƙa'idar titi. Daga nan al'adar ranar fili ta taso. Keith Code ya kafa California Superbike School a 1980 don koya wa mahaya kwana, a shekarun 1990 kuma filaye irin su Brands Hatch, Donington Park da Cadwell Park suka riƙa ba da haya ga masu shirya hawan sha'awa. Ba tsere ake yi ba. Akan raba mutane rukuni uku, 'yan koyo, matsakaita da ƙwararru, kowane rukuni ya shiga zango na kamar minti 20 ya fito.

Duk abin da ake dubawa da safe kafin a bar babur ya shiga, gado ne daga hatsarin da ya taɓa faruwa. Ana cire madubi ko a liƙe shi, haka fitila, don kada gilashi ya watse a hanya. Filaye da yawa na son a juye ruwan sanyaya inji na kanti a zuba ruwa zalla a lagireto, domin wancan idan ya zube santsinsa kamar na mai ne. A rukunin ƙwararru akan nemi a huda notin juye baƙin mai a ɗaure shi da waya, dabarar da aka aro daga makanikan jirgin sama. Man birki yana shan laima daga iska, kuma tsohon mai kan tafasa idan aka yi ta matsa birki daga gudun kilomita 200, sai hannun birki ya taho fanko. Don haka ake canja shi kafin fili ko da launinsa bai sauya ba. Sarƙa kuma ba a ɗaure ta tamau, saboda idan shokan baya ya nutse tana ƙara miƙewa.

Wajen zaɓen taya ne aka fi yin kuskure, kuma kuskuren kwaikwayo ne. Ɗan sha'awa yana ganin 'yan MotoGP, wato babban ajin gasar duniya, suna kwanciya sama da digiri 60 a kan taya marar zane, sai ya ɗauka ita ce mafi riƙo. Riƙonta yana da sharaɗi. An haɗa robarta ne don ta yi aiki da zafi, shi ya sa ake naɗe ta da bargon lantarki har ta kai digiri 80 ko kusa, kuma sai mahayi ya ci gaba da matsa mata da birki da totur kafin zafin ya zauna. Wanda bai kai wannan gudun ba, tayar hucewa take yi a ƙarƙashinsa, ta koma ƙasa da tayar titi a riƙo. Ga ɗan koyo da matsakaici, tayar titi ta manyan babura ta fi, don tana ɗumama cikin zagaye 2, tana jure yayyafi saboda sinadarin silika da aka fara zubawa a shekarun 1990, kuma yawancinsu roba iri biyu gare su, mai tauri a tsakiya, mai laushi a gefe, irin wadda Michelin ya yaɗa da sunan 2CT daga 2005. Tsakaninta da marar zane akwai mai ɗan zane kaɗan, wadda ta bunƙasa bayan da Pirelli ya zama mai ba gasar World Superbike taya shi kaɗai a 2004. Wannan ta dace da wanda ya fara jin tayar titi tana laushi da zamewa a ƙarshen zango. Haɗa gaba daga wani samfuri da baya daga wani ba dabara ba ce, domin siffarsu tare aka zana.

Iska ta fi sunan kamfani muhimmanci. Takardar babur kan ce psi 36 a gaba, 42 a baya, amma wannan lissafin titi ne, har da goyo da kaya. A fili zafi na ƙara iskar, don haka akan rage ta zuwa wajen 30 ga tayar titi, tayar tsere ta baya kuma ƙasa da haka sosai, bisa abin da kamfaninta ya rubuta. Idan ta yi yawa wurin taɓa ƙasa ya tsuke, idan ta yi kaɗan taya ta yi ta lanƙwasa har ta ƙone. Ko a MotoGP sai da aka fara hukunta wanda iskarsa ta gaza ƙa'ida a 2023.

Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba. Tun 2000 lambobi 4 na ƙarshen hatimin DOT da ke gefenta suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta: 2322 na nufin mako na 23 na 2022. Ta tsere kuma tana da wani tsufan daban, don duk lokacin da ta yi zafi ta huce robarta na ƙara tauri, ko da kaurinta bai ragu ba. Wannan ne haɗarin tayoyin da 'yan tsere ke cirewa su sayar da araha: tsakiyarsu kamar sabuwa, gefen da ake buƙata a kwana kuwa ya riga ya ƙare. Makanikan fili kan karanta gefen bayan kowane zango. Idan ya yi laushi mai ɗan yashi-yashi, iska da zafi sun daidaita. Yagewa mai zurfi alama ce ta roba mai sanyi, sau da yawa saboda iska ta yi yawa. Idan kuwa fuskar ta narke ta tattare, zafi ne ya wuce kima, sai a ƙara iska kaɗan a sake aunawa taya na da ɗumi.