Saison: Giyar Girbi Ta Ƙasar Beljiyam

A wajenmu masu sana'ar dafa giya, ba a gane gwani da giya mai ƙarfi. Ƙarfi yana rufa wa mai dafawa asiri. In tsiro ya ƙone ko yisti ya gaji, zaƙi da zafin barasa sukan danne aibin. Giyar da barasarta ba ta wuce kashi 3 ko 4 cikin 100 ba kuwa, komai nata a fili yake. Shi ya sa duk wanda ya daɗe a aikin nan, ko a ina ya koya, wata rana sai ya waiwayi saison, giyar lardin Hainaut da ke kudancin Beljiyam, kan iyaka da Faransa. Na san da yawa daga masu karatu ba sa sha, addini ya hana su, kuma ba tayi nake yi wa kowa ba. Labari ne na noma da ƙwadago da sana'ar hannu, ya kuma cancanci a ji shi.

Kafin zuwan na'urar sanyaya kaya, giyar da aka dafa a watannin zafi saurin lalacewa take yi. Saboda haka manoman Hainaut sai su bari sai hunturu, lokacin da gona ba aiki, barorin gida kuma suna zaune. A tsirar da sha'ir, a haɗa da alkama ko duk hatsin da ya saura a rumbu, a dafa, a zuba furen hop mai yawa domin ɗacinsa yana hana ruɓewa, a ɗura a gangunan katako a kai ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Dusar kuma a ba dabbobi. Sai Yuli da Agusta, in 'yan ƙwadago sun sauko girbi, da yawansu daga yankin Flanders, sannan a buɗe. Dole ta zama marar ƙarfi, domin mutumin da ke riƙe da lauje tun asuba ba a son ƙafarsa ta yi tangaɗi. Wanda ya taɓa ganin tulun giyar dawa a bakin gona ranar gayya a ƙauyukan Maguzawa ya san irin wannan lissafi: abin sha yana cikin ladan aiki.

Sai dai masu talla sun goge labarin nan har ya yi santsi fiye da kima. Masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Roel Mulder, ya tono takardun ƙarni na 19 da ke nuna ana dafa giya mai wannan suna a cikin birnin Liège, inda masu shanta ma'aikatan gari ne. Akwai kuma ƙanwarta grisette, wadda masu haƙar ma'adinai na Hainaut ke sha. Ni a ganina wannan bai rage wa saison komai ba. Ko a gona ko a bakin rami, abin shan masu zufa ce.

Abubuwan da suka kusa kashe ta sun zo ne a jere. A 1883 Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken Carlsberg da ke Denmark, ya ware yisti tsantsa iri guda, aka daina dogaro da gaurayen yisti da ƙwayoyin tsami da ke zaune cikin katakon ganga. Giya garai-garai irin ta Pilsen ta mamaye kasuwa. Wajen shekarar 1900 Beljiyam na da gidajen dafa giya sama da 3,000, amma a Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Jamus suka kwashe tukwanen jan ƙarfe na da yawa daga cikinsu, wasu ba su sake hura wuta ba. Dokar Vandervelde ta 1919 ta hana sayar da barasa mai zafi a mashaya, jama'a suka koma neman giya mai nauyi. Daga baya injin girbi ya sallami 'yan ƙwadago. Gidajen da suka tsira sai suka ƙara mata ƙarfi, suka sa ta a manyan kwalabe masu toshiya, ta bar gona ta koma kanti.

Cikin waɗanda suka tsira, babu kamar gidan Dupont a ƙauyen Tourpes. Tun 1844 ake dafa giya a gonar. A 1920 Alfred Dupont ya saye ta domin ya hana ɗansa Louis ƙaura zuwa Kanada. Har yau a kan harshen wuta kai tsaye suke tafasa ruwan tsiro a tukwanen jan ƙarfe, kwalaben kuma a kwance ake ajiye su makonni a ɗaki mai ɗumi, giyar ta ƙarasa nuna a ciki. Yistinsu ya yi suna a tsakaninmu wajen taurin kai. Yana son zafin da ya haura digiri 30, zafin da zai ɓata yawancin giya, kuma yakan yi aiki kwana biyu-uku ya tsaya cak kamar ya mutu. Sabon shiga sai hankalinsa ya tashi ya ƙara wani yisti, ya lalata komai. Wanda ya san shi zai ƙara ɗumi ya ƙyale shi. In ya farka sai ya cinye sukarin kusan ƙarƙaf, ya bar ƙamshin masoro da ɓawon lemo, alhali ko ƙwayar kayan yaji ba a sa ba.

Marubucin giya ɗan Ingila, Michael Jackson, wanda ya rasu a 2007, shi ya fi kowa jawo hankalin duniya ga waɗannan ƙauyuka. A 1984 Jean-Louis Dits ya ceto tsohon gidan giya na Pipaix mai aiki da injin tururi. A 1988 Dany Prignon ya buɗe gidan giya na Fantôme. Saison Dupont ta ƙetara Amurka, sannan a 2004 littafin Phil Markowski mai suna Farmhouse Ales ya fito, da babin tarihi daga Yvan De Baets na Brussels. Matasan Amurka suka rungumi abin hannu bibbiyu. Amma ga inda nake da ƙorafi: Saison Dupont da suka fara sani tana da kashi 6.5, sai suka ɗauka nan ne mafari, suka riƙa hawa 8 da 9, suna jibga kayan ƙamshi. Wanda ya sha kofi biyu na irin wannan ba zai iya ɗaure dami ba.

An yi sa'a wasu sun juyo. Dupont da kansu suna da Avril mai kashi 3.5. Masu gidan giya na Jester King a Texas suka fito da Le Petit Prince da ba ta kai kashi 3 ba. De Baets ya gina sunan gidansa, De la Senne, a kan giya mai sauƙi mai ɗaci. A 2016 UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin kayan gadon ɗan Adam.

Ga yadda muke ɗanɗana ta a wurin aiki. Ba a sa ta ta yi ƙanƙara, domin sanyi mai yawa yana kulle ƙamshi. A karkata kofi a tsiyaya a hankali, a bar guggubin yisti a gindin kwalba. Kumfar ta tashi fara fat, ta kama jikin kofi. Launin ruwan kamar karan alkama busasshe, da ɗan hazo. Hanci zai fara jin ciyawar da aka yanka jiya, sai lemo, sai yaji-yaji can ƙasa. A baki akwai tsinin iska a harshe, ɗan tsami, ɗacin hop mai tsabta, sannan ta wuce ba ta bar danƙo ba. Nan ne wahalar take: ta bushe amma kada ta zama salam kamar ruwa. Da alkama muke ba ta jiki, da kuma iskar da ta samu a kwalba. In na ji warin dafaffiyar masara ko na man shanu, na san an yi gaggawa.

In muka dawo gida, mu a Najeriya mun san dawa sosai, musamman tun da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan kamfanoni suka koma gare ta. Amma mafi yawan ilmin matan da ke dafa burkutu a Filato da kudancin Kaduna, da masu pito a arewacin Ghana, yana hannunsu da bakinsu ne kawai. Matasan da kuke shigowa sana'ar nan, ku je ku zauna da iyayen nan mata, ku rubuta yadda suke jiƙa dawa, da kwana nawa take tsira, da yadda suke gane tsami ya isa, tun suna nan da ransu.