Yadda Mawaƙan Soul Suka Ƙwace Faifai Daga Hannun Kamfani

A daren 24 ga Oktoban 1962 James Brown ya sa aka kafa na'urorin ɗaukar sauti a gidan wasa na Apollo da ke unguwar Harlem a New York, kuma daga aljihunsa ya biya. Syd Nathan, mai kamfanin King da ke fitar da waƙoƙinsa, ya ƙi sa ko sisi, don a ganinsa babu mai sayen faifan da ba sabuwar waƙa a ciki. Da Live at the Apollo ya fito a 1963 sai da ya yi mako 66 a jerin faifan da aka fi saye, har ya kai na biyu. Duk mai neman inda zai fara sauraron kiɗan soul da R&B na baƙaƙen fatan Amurka, daga nan ya kamata ya ɗauki ma'auni. Mafi yawan kundayen da suka jure wa zamani, sai da mawaƙi ya kai ruwa rana da uban gidansa kafin a bar shi ya yi su yadda yake so.

Kafin lokacin, kasuwar ta ƙaramin faifai ce, waƙa ɗaya gaba ɗaya baya, kowace minti uku ko ƙasa da haka saboda gidan rediyo. Babban faifai kuwa wurin juye saura ne: waƙa biyu da suka yi tashe, sai a cike gurbi da abin da ya samu. Berry Gordy, wanda ya kafa Motown a Detroit a 1959 da rancen dala 800 daga danginsa, ya taɓa aiki a masana'antar motoci, kuma tsarin can ya kwaso. Marubuta daban, makaɗa daban, mawaƙi ya zo ya ɗora murya ya tafi, ranar Juma'a a zauna a tantance abin da zai fita. Sunan makaɗan ma ba a rubutawa a bangon faifai.

Ɓarakar farko daga Memphis ta zo, kuma masifa ce ta haife ta. Otis Redding, tauraron kamfanin Stax na garin, ya rasu a haɗarin jirgin sama a Disambar 1967 yana ɗan shekara 26, sannan a 1968 Stax ya gano cewa yarjejeniyarsa da kamfanin Atlantic ta raba shi da tsofaffin waƙoƙinsa kaf. Al Bell, da ke jan ragamar kamfanin, ya ce a fitar da kundi 27 lokaci guda don a cike rumbu. Isaac Hayes, wanda aka fi sani da rubuta wa wasu waƙa, ya gindaya sharaɗin kada kowa ya sa masa baki. Abin da ya fito shi ne Hot Buttered Soul na 1969, waƙa huɗu kacal, ɗaya ta haura minti 18, kusan rabinta magana ce a hankali bisa sauti ɗaya da ba ya canjawa. Rediyo ba ta da wurin ajiye irin wannan, amma mutane suka yi ta saye, kamfanoni kuma suka buɗe ido.

Inda aka fi jan daga shi ne a cikin Motown kanta. Marvin Gaye ya ɗauki waƙar What's Going On a 1970, bayan ƙanensa Frankie ya dawo daga yaƙin Biyetnam da labarai marasa daɗi, shi kuma Obie Benson na ƙungiyar Four Tops, wanda ya fara tsara ta, ya ga 'yan sanda suna jibgar masu zanga-zanga a Berkeley. Gordy ya ce ba za ta fita ba, siyasa za ta kashe kasuwar mutumin da aka saba ji yana waƙar soyayya. Marvin ya ce to shi ma ya daina shiga sutudiyo. A Janairun 1971 aka saki waƙar ba da sanin mai gida ba, ta yi kasuwar da ta rufe bakin kowa, kundin ya biyo baya a watan Mayu. Waƙa tara ne, kusan duk suna zarcewa cikin juna ba tsayawa, daga yaƙi zuwa ƙwaya, zuwa gurɓatar muhalli, zuwa talaucin unguwannin birni, muryar Marvin biyu a ɗore ɗaya kan ɗaya kamar mutum yana amsa wa kansa. A bangonsa ne aka fara ganin sunan James Jamerson da sauran makaɗan da suka shekara goma suna ɗauke da kamfanin a ɓoye. A watan Mayun nan kuma Stevie Wonder ya cika shekara 21, ya ƙi sabunta kwantiragi sai an sakar masa ragama. Daga nan Talking Book ya fito a 1972, Innervisions a 1973, Songs in the Key of Life a 1976. Sau uku ya ci kyautar Grammy ta kundin shekara, ta ƙarshen ma yana Legas bayan bikin FESTAC na 1977 aka ba shi.

Akwai masu cewa wannan lissafin ya zalunci ƙaramin faifai, kuma ba su rasa gaskiya ba. Waƙoƙin Supremes da Temptations na wajen 1965 daga masana'antar Gordy suka fito, har yau ba a fi su ba. Aretha Franklin ma, a I Never Loved a Man the Way I Love You na 1967, ƙarƙashin Jerry Wexler ta yi aiki. Sai dai abin da Wexler ya yi shi ne zaunar da ita gaban piyano ya ce makaɗa su bi ta, bayan shekara shida a kamfanin Columbia ana ɗinka mata rigar da ba tata ba. Masana'anta tana iya ƙera waƙa mai kyau. Tunani ɗaya da zai riƙe mai sauraro minti arba'in kuwa sai daga kai ɗaya. Sakin ragama ma ba tabbacin nasara ba ne, don Stevie ɗin nan a 1979 ya fitar da dogon kundi kan rayuwar tsirrai wanda ya gajiyar da masoyansa da yawa.

Wasu kuma suna ganin komai ya ƙare da shigowar na'ura mai buga ganga da kanta. Kundayen da suka biyo baya ba su goyi bayansu ba. D'Angelo ya shafe shekaru a sutudiyon Electric Lady da Questlove a kan ganga, suna jan kiɗan baya da gangan har ya zama kamar zai tuntuɓe, kafin Voodoo ya fito a 2000. Shekara 14 ya yi shiru, sannan ya gaggauta sakin Black Messiah a Disambar 2014 saboda zanga-zangar garin Ferguson. A Seat at the Table na Solange, na 2016, ya saƙa muryoyin iyayenta tsakanin waƙoƙi, wanda ya tsinci ɗaya a waya ya bar sauran ya rasa rabin zancen. The Miseducation of Lauryn Hill na 1998 ya ci Grammy biyar, amma shi ne ya juyo da tsohuwar rigimar ta wata fuskar: makaɗa huɗu suka kai ta kotu cewa ta danne sunansu a aikin, aka sasanta a wajen kotu a 2001.