Tikitin Dawowa da Tarihin Hanyar Makka

Sharaɗin da ake gindaya wa matafiyi a yau, cewa sai ya nuna tikitin dawowa ko na wucewa wata ƙasa kafin ya hau jirgi, ya girmi sufurin jiragen sama. Hanyar Makka na cikin wuraren da aka fara ɗaure shi da doka, kuma abin da ya haife shi tambaya ce guda: idan guzurin baƙo ya ƙare a ƙasar mutane, wa zai biya kuɗin mayar da shi gida?

A ƙasar Hausa ta dā, tambayar ba ta ma taso ba. Maniyyaci yakan biya basussukansa, ya bar wasiyya, ya nemi gafarar dangi da maƙwabta, sannan ya nufi gabas a ƙafa ko a kan jaki, sau da yawa har da iyalinsa. Hanya takan bi ta Borno da Wadai da Darfur, ta kai Kogin Nilu, ta dangana da Suwakin a bakin Bahar Maliya. Babban guzurinsa sana'arsa ce. Wanzami ya ɗauki zabirarsa, baduku ya ɗauki kayan dukancinsa, malami ya ɗauki allo da tawada. Inda kuɗi suka yanke, nan za a yada zango, a yi noman damina ɗaya ko biyu, a tara abin da ya samu a ƙara gaba. Wannan bai saɓa wa fikihun da mutanen suka tashi a kai ba, domin a mazhabar Malikiyya wanda zai iya tafiya a ƙafa, kuma yake da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, ana lissafa shi cikin masu ikon zuwa hajji. Tafiyar kan ci shekaru. Wasu sun dawo da furfura, wasu sun rasu a hanya, da yawa kuma suka zauna. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'arsa har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, dubban masu niyyar hajji suka sami aikin tsintar auduga, kuma jikokin wasunsu na Sudan har gobe.

Matsalar ta fito ne daga teku. Jirgin ruwa mai tururi da buɗe mashigin Suwez a 1869 sun sa kuɗin zuwa Jidda ya faɗi, har talakan Indiya ko na tsibirin Jawa ya iya haɗa na zuwa ba tare da na dawowa ba. Duk bayan sallar layya sai a tarar da matalauta jibge a Jidda, suna kwana a titi, suna zarya ƙofar ƙaramin jakadan ƙasar da ke mulkinsu don a kai su gida. Ga kuma tsoron annoba, tun da kwalarar 1865 ta tashi daga Makka ta bi alhazai zuwa Masar, daga can ta shiga Turai.

Holan, wadda ke mulkin ƙasar da ta zama Indonesiya, tana cikin waɗanda suka fara ɗaukar mataki. Tun 1859 ta ce sai maniyyaci ya nuna yana da kuɗin zuwa da dawowa da abin da iyalinsa za su ci a bayansa, sannan dokar 1922 ta wajabta tikitin dawowa. Ingila ta daɗe tana jan ƙafa a Indiya, don gudun kada a ce ta tare wa Musulmi hanyar ibada. Sai a 1925 ta yi doka cewa mai shiga jirgin alhazai ya sayi tikitin zuwa da dawowa ko ya ajiye kuɗin komowarsa. Ko a nan ma an bar ƙofa: wanda ya rantse cewa ba shi da niyyar dawowa Indiya cikin shekara uku, an ɗauke masa. Akwai tsofaffi da gaske burinsu su cika a ƙasa mai tsarki, amma ba wuya a gane yadda rantsuwar ta zama mafita ga wanda aljihunsa bai kai ba. A 1926 yarjejeniyar kiwon lafiya ta ƙasa da ƙasa da aka sa wa hannu a Faris ta ɗauki sharaɗin tikiti ko ajiya ta mai da shi ƙa'idar jigilar alhazai ta ruwa.

Turawan mulkin Najeriya su ma sun bi sahu. A tsakiyar shekarun 1920 suka tura wani jami'insu, G. J. Lethem, ya bi hanyar har Sudan da Jidda ya rubuto rahoto. Tsarin da ya biyo baya ya nemi maniyyaci ya karɓi fasfo, ya ajiye kuɗi a hannun hukuma, a yi masa rigakafi, ya ƙetare ta Suwakin da tikitin da zai dawo da shi. Hujjarsu ita ce kare talakawa daga maƙalewa da kuma kare yara daga faɗawa bauta a Hijaz, wadda ba a haramta a Saudiyya ba sai 1962. Hujjar na da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ita kaɗai ba ce. Suna kuma son sanin wa ya fita, da wane ra'ayi zai dawo, musamman na Mahdiyya. Tsarin ya fi dacewa da mai hali. Talakan da ya saba tara guzuri a hanya sai ya kauce wa jami'ai, ya gangara gaɓar Eritiriya, ya shiga jirgin katako mai tafiya da iska a sauke shi a wani lungu na gaɓar Larabawa. Dokar da aka ce ta tsaronsa ce ta tura shi hanya mafi haɗari.

Abin da doka ta kasa, mota da jirgin sama suka yi. A 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da abokansa suka kafa WAPA a Kano don jigilar alhazai da motoci, sannan jiragen sama suka karɓe harkar a shekarun 1950. Kuɗin kujera ya haɗa zuwa da dawowa a dunƙule, kuma haka ya ci gaba a hannun hukumar alhazai ta ƙasa da aka kafa a 1975 da NAHCON da ta zo a 2006.

A sauran tafiye-tafiye, nauyin ya koma kan kamfanonin jirage. Ƙa'idojin da suka biyo bayan yarjejeniyar Shikago ta 1944 sun ɗora wa kamfani alhakin kwashe fasinjan da aka hana shiga ƙasa, wasu ƙasashen har da tara. Shi ya sa ma'aikacin da ke wurin awon kaya yakan riga jami'in shige da fice tambayar tikitin dawowa, yana duba sharuɗɗan kowace ƙasa a kundin Timatic na ƙungiyar IATA. Ƙasashe irin su Filifin da Niyu Zilan suna neman shaidar fita daga mai ziyara, haka Amurka ga masu shigarta ba biza. Ɗan ƙasa da mai takardar zama galibi ba a tambayarsu, domin su can ne mazauninsu.