Firiyon: cutar da ke bi ta hanjin tunkiya zuwa ƙwaƙwalwa

Firiyon wani furotin ne na jiki da surarsa ta lauye, wanda idan ya taɓa lafiyayyen ɗan'uwansa sai ya lauye shi shi ma. Da haka yake yaɗuwa har ya huhhuda ƙwaƙwalwa ta koma kamar soso. Stanley Prusiner ne ya raɗa masa wannan suna a 1982, aka ba shi kyautar Nobel a 1997. A tumaki da awaki ana kiran cutar sikirefi, kuma an san ta a Birtaniya tun 1732. Dabbar da ta kamu takan yi ta goga jikinta da itace saboda ƙaiƙayi, ta rame, ta riƙa tangaɗi, daga bisani ta mutu. Babu magani, babu rigakafi.

Ta baki take shiga, galibi idan ɗan tunkiya ya lashi mabiyiyar uwa mai cutar ko ya ci ciyawar da ta gurɓata. A ƙarshen ƙaramin hanji akwai wasu curarrun ƙwayoyin garkuwar jiki. Nan firiyon yake fara taruwa. Curin ya fi girma a jikin ƙananan tumaki, yana shanyewa idan sun balaga, shi ya sa ƙanana suka fi kamuwa. Daga nan sai ya faɗa cikin jijiyoyin da ke shimfiɗe a bangon hanji, masu sarrafa motsinsa. Ƙwayoyin waɗannan jijiyoyi ba iri ɗaya ba ne: wasu na fitar da sinadarin da ke sa hanji ya matse, wasu wanda ke sa ya saki, kuma da wannan bambanci masana ke tantance su. Masu bincike a Italiya, da suka duba tumakin Sarda a 2007, sun tarar firiyon ya taru a jijiyoyin hanjin ba tare da ƙwayoyin sun ragu a fili ba. Wato tunkiya na kiwo lafiya lau alhali cutar na hawa ta jijiya zuwa laka da ƙwaƙwalwa, tafiyar da kan ci shekara 2 zuwa 5.

Gado ma na da nasa rabo. Tumakin da suka gaji nau'in ƙwayar halitta da ake kira VRQ sun fi saurin kamuwa, masu ARR kuwa suna da juriya, abin da ya sa Birtaniya ta koma zaɓen ragunan barbara ta hanyar gwajin jini.

Me ya haɗa wannan da Haɗeja? Da rani garkunan Uda da Balami da 'Yankasa kan haɗu a fadamun kogin, su yi kiwo su haihu a ƙasa ɗaya, kuma firiyon na daɗewa shekaru a cikin ƙasa. Ga kasuwar Maigatari da ke karɓar tumaki da raƙuma daga Nijar. A 2018 aka ba da rahoton cutar firiyon a raƙuma a mayankar Wargala da ke Aljeriya, ƙasar da ke iyaka da Nijar.

Ba a tabbatar sikirefi na kama mutum ba. Haukan shanu da ya bayyana a Birtaniya a 1986 shi ne ya tsallaka zuwa ga mutane. Amma ido ba ya tabbatar da cutar, sai an kai ƙwaƙwalwa ko kaluluwar dabba ɗakin gwaji. A nan ne ya kamata a tambayi Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya, wadda aka kafa a 2024, da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom: kawunan tumaki nawa aka taɓa ɗauka daga mayankun Jigawa domin wannan gwaji?