Shin Hoton MRI Yana Faɗin Gaskiya a Kan Ciwon Gwiwa?

TAMBAYA: Fatawarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a garin Sabon Birni, jihar Sakkwato. Ya ce ƙanensa ya murɗe gwiwa a fagen kokawa, an kai shi wurin mai ɗori, an kuma yi hoton ƙashi ba a ga karaya ba, amma har yau gwiwar tana kumbura tana maƙalewa. Likita ya ce sai an yi hoton MRI a Sakkwato ko Kano. Don Allah mene ne tarihin wannan na'ura, kuma abin dogaro ce, kafin ya sayar da hatsinsa?

AMSA: To Malam, Allah ya ba shi lafiya. Da farko dai, tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri akwai guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Aikinsu irin na gammo ne, wato su ke tare nauyi kada ƙashi ya ci ƙashi. Murɗewa kan yaga su, tsufa ma haka. Shi kuwa hoton ƙashi, wanda Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, ƙashi yake nunawa, ba ya nuna guringuntsi.

Shekara da shekaru likitoci da hannu da wuƙa suka dogara. A 1883 likita Thomas Annandale na birnin Edinbara ya buɗe gwiwar wani mai haƙar ma'adinai ya ɗinke masa guringuntsin. Daga bisani sai aka koma cire shi ɗungum, har sai da likita Fairbank na Ingila ya nuna a 1948 cewa gwiwar da aka raba da gammonta tana saurin zaizayewa. A 1962 Masaki Watanabe na Japan ya datse yagaggen guringuntsi ta hanyar zura siririn bututu mai fitila cikin gwiwa. Har gobe da wannan leƙe ake auna gaskiyar kowane hoto.

Ita MRI da maganaɗisu take aiki. Tushen iliminta ya fito ne a 1946 daga Felix Bloch da Edward Purcell a Amurka. A 1973 Paul Lauterbur ya fitar da hoton farko, na wasu ƙananan bututai masu ruwa, Peter Mansfield na Ingila kuma ya samo dabarar hanzarta aikin. Su biyun sun sami lambar Nobel a 2003. A 1980 aka ɗauki hoton wani majiyyaci a birnin Abadin na Sikotilan, daga nan na'urar ta kama hanyar shiga asibitoci.

Wajen 1987 likitoci a Amurka suka kasa abin da ake gani a guringuntsi mataki uku. Na ɗaya da na biyu tabo ne a can ciki wanda bai ɓullo waje ba, ba a kiransa yagewa. Na uku, wanda ya kai fuskar guringuntsi, shi ne yagewa ta sosai.

To yaya gaskiyarta? A 2003 wasu likitocin birnin Rotterdam na ƙasar Holan sun tattara bincike da dama, suka gwama hoto da leƙe. Cikin yagewa 100 ta guringuntsin ciki na'urar ta ga kimanin 93, ta waje kuwa 79 kawai. Kazalika cikin lafiyayyun guringuntsin ciki 100 ta ɗora wa kimanin 12 laifin da ba su yi ba. Tantance fasalin yagewar, a tsaye take ko a kwance, ya fi haka wuya, har masu karanta hoto biyu kan saɓa.

Abin mamaki ya zo a 2008, da aka ɗauki hoton gwiwar mutum 991 masu shekara 50 zuwa 90 a garin Framingham na Amurka. Kashi 61 cikin ɗari na waɗanda aka ga yagewa a gwiwarsu ba su ji wani ciwo ba a watan da ya gabata. A 2013 kuma a ƙasar Finlan aka raba majiyyata 146 masu zaizayar guringuntsi gida biyu, aka yi wa wasu aikin gaske, wasu na jeka-na-yi-ka. Bayan shekara ɗaya sauƙinsu ya zo kusan daidai.

Wato ke nan Malam, na'urar shaida ce mai ƙarfi, amma alƙalin shi ne likitan ƙashi da ya taɓa gwiwar da hannunsa. Ga dattijo mai sanyin gwiwa, sau da yawa motsa jiki da magani sun wadatar. Amma saurayi irin ƙanenka, da ya murɗe gwiwa har tana maƙalewa, yana cikin waɗanda hoton ya fi yi wa amfani, domin wata yagewar tana ɗinkuwa in ba a makara ba. Kafin ku kama hanya, ku tambayi likita ko sakamakon zai sauya maganin da za a yi, ku kuma tabbatar na'urar tana aiki. In akwai ƙarfe ko ɓarɓashin harsashi a jikinsa, lallai a faɗa tun kafin a shiga ɗakin, saboda maganaɗisun. A kuma dakata da jan ƙafar da murza ta.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.