Wutar Karatu a Ƙasar Gwandu

Tun sa'ad da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna a Gwandu, bayan jihadin 1804, garin ya zama masaukin masu neman ilmi. A zamanin nan kuwa karatun dare ba ya yiwuwa sai da wuta. Da la'asar almajirai sukan bazu cikin daji su ɗebo kara da ƙirare, da dare a hura, a kewaye ta da alluna. Amma jama'a ba ta da yawa, daji kuwa yana da faɗi, abin da aka sare bana yakan tofo baɗi.

Sannu a hankali mutane suka yawaita, gonaki suka cinye daji, ga fari na 1973 ya kashe itatuwa da dabbobi. A ƙauyuka irin su Masama itacen girki ya zama abin tafiya mai nisa, ko abin saye. Masana kuma suka tabbatar cewa hayaƙin itace da na man fetur yana ɗauke da wata iska da ake kira kabon, wadda ke taruwa a sama tana tsare zafi, har damina ta riƙa rikicewa.

A 1975 aka kafa jami'a a Sakkwato, a 1982 kuwa aka buɗe mata cibiyar binciken makamashi. Can malamai suka ƙera murhu mai tsimin itace, da akwatin dafa abinci da zafin rana, da hanyar samun iskar girki daga kashin shanu. Wannan aiki ya cancanci yabo.

To, amma ilmi mai zurfi shi ma yana da nasa hayaƙin. Wanda ya gama jami'a ya sami albashi yakan sayi mota da janareta, har gidansa ya fi na ubansa manomi ƙona mai. Jami'ar kanta, in lantarki ya ɗauke, injin take tayarwa. Ko da yake hayaƙin Nijeriya duka kaɗan ne in an gwada da na Amurka ko Sin.

A 2013 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Birnin Kebbi, mazauninta kuwa yana ƙasar Kalgo, watau ɗan Masama ba sai ya yi nisa ba. Sai dai takardar shaida ta riga sabon murhu isa ƙauye, domin har yanzu yawancin matan karkara kan duwatsu uku suke ɗora tukunya.